Kyamara ba ta riƙe ƙafar ɓarawo

Aikina a jihar Maryland ta Amurka gyaran farfajiyar gidaje ne, yankan ciyawa da kwashe ganye. Da Oktoba ta kama kuwa, masu gidaje sukan kira ni in kafa musu kayan Halloween, bikin 31 ga Oktoba da ake ƙawata gidaje da kabewa da siffofin ban tsoro, mutane kuma su yi shigar dodanni. Ba bikina ba ne, amma sana'a ce, kuma ana biya.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne wani ƙwarangwal na ado da na kafa wa wata dattijuwa, irin mai tsawon ƙafa 12 da kantin Home Depot ya fara sayarwa a 2020 kan dala 299. Jikokinta ta saya wa. Na haɗa shi, na ɗaure da igiyar leda, na buga turaku. Ta nuna mini kyamarar Ring da ke ƙofarta, ta ce in kwantar da hankalina.

Tun kafin 31 ga wata aka yi awon gaba da shi. Da muka duba hoton, sai ga samari biyu sun rufe fuska, ɗaya da almakashi, ɗayan ya buɗe bayan a-kori-kura. Ko sauri ba su yi ba! To a watan da kowa ke yawo da fuskar dodo, wa za ka nuna wa 'yan sanda? Kyamarar ta yi aikinta tsaf: ta nuna mana yadda aka yi mana sata.

Igiyar ledar nan don iska aka yi ta, ba don mutum ba. Yanzu igiyar ƙarfe nake zurawa ta cikin ƙasan ƙwarangwal, in sa kwaɗo, in ɗaure a jikin bishiya ko a turken nan mai murɗawa da ake ɗaure kare. Mai niyya zai iya yankewa, amma sai ya zo da kayan aiki, ya durƙusa, ya ɓata lokaci a ƙarƙashin fitilar da ke kamawa da ta ji motsi. Yawancinsu ba su da wannan haƙurin, gidan gaba suke wucewa.

Dodannin roba masu hura iska sun fi sauƙin sata, don da an cire wuta sai su kwanta, a naɗe su kamar tabarma. Su nakan matso da su kusa da ƙofa, nesa da titi, in rubuta lambar gidan a ƙasansu da alƙalamin da ba ya gogewa, ko za a gan su a kasuwar Facebook. Wani mai gida ya cusa AirTag, 'yar na'urar da ke nuna inda kaya suke, a ƙoƙon kan ƙwarangwal ɗin gidansa, ban hana shi ba. Kabewa kam ba na wahalar da kaina, kurege ma yana cinye ta.

Dattijuwar ba ta ce mini uffan ba, shi ne ma ya fi zafi. Bana ta sayi wani, kuma kafin in taɓa kwalin sai da na ce: "Mama, a fara sayen kwaɗo tukuna."