Abin da mai sutudiyo ke ji a faifan Afrique Victime

Sana'ata ɗaukar sauti ce. Ina da ɗan ƙaramin sutudiyo a Sakkwato, ɗaki biyu ne da muka lulluɓe bangonsu da soso da darduma, kuma mafi yawan aikin da ke shigo mana waƙoƙin biki ne da na siyasa da na yabon Manzon Allah, sai tallace-tallacen rediyo idan kasuwa ta buɗe. Yadda aikin ke tafiya sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙa irin wurarenmu: mawaƙi zai zo da baitocinsa a waya ko a takarda, yaron da ke kan fiyano ya haɗa masa kiɗa a kwamfuta, a ɗora murya, a kira 'yan amshi, a tace, kafin la'asar an tura masa kayansa. Da wannan muke ciyar da iyali, ba na raina shi. Amma akwai faifai guda da na daɗe ina saurare da kunnen mai sana'a, domin ya nuna mini wani ɓangare na aikinmu da muka yi sakaci da shi.

Faifan shi ne Afrique Victime na ƙungiyar Mdou Moctar, wanda kamfanin Matador na Amurka, ɗaya daga cikin kamfanonin waƙa masu zaman kansu, ya fitar a watan Mayu na 2021. Su huɗu ne: Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen Nijar da ake kira Mdou Moctar, wanda ke kaɗa jita da hannun hagu yana rera waƙa, Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bas, wanda kuma shi ne ya kula da ɗauka da haɗa sautin. Abin da ya sa labarin ya taɓa ni shi ne cewa faifan Mdou na farko, Anar, a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin salonmu na kiɗan kwamfuta da muryar da aka murɗa da Auto-Tune, kamar yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi katin memori na waya daga hannu zuwa hannu har cikin Sahara, inda Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya daga cikinsu ya shiga neman mai ita.

Da Afrique Victime ya fito, masu sharhin kiɗa a Amurka da Ingila sun yaba shi ƙwarai, kuma a ƙarshen shekarar ya shiga jerin fitattun faifai na jaridu da mujallu da dama. Mafi yawan yabon ya tattara ne a kan yatsun Mdou, ana ta kwatanta shi da shahararrun makaɗan jita na Amurka, Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Ban ce sun yi ƙarya ba, domin wanda ya ji yadda jitar ke hauhawa a waƙar da faifan ya ci sunanta, mai tsawon kusan minti bakwai, ya san an gamu da gwani. Sai dai a ganina kwatancen ya rage wa aikin daraja ta fuska biyu. Na farko, da Tamashek, harshen Abzinawa, ake yawancin waƙoƙin, kuma zancen soyayya da addini da zaluncin da aka yi wa Afirka da ke cikinsu ba ya isa kunnen mai sharhi sai ta hanyar fassarar da aka ba shi. Na biyu, wannan saurin da kiɗan ke ƙarawa a hankali har ya kai ƙololuwa, wanda ya ba su mamaki, kiɗan biki ne na Agadas, inda mai ganga ke kallon ƙafafun masu rawa yana ƙara wuta gwargwadon yadda fili ya ɗauka.

A nan ne sana'ata ta shigo. Kwamfuta ba ta san wannan ƙarin saurin ba. Idan ka saita ta a kan wani awo, a kansa za ta tsaya har waƙa ta ƙare, kuma mawaƙi ne ke bin ta. Kafin ka kama kiɗa irin na waɗannan mutane dole ka bar su su kaɗa tare, ka sa wa ganguna makirfo da yawa, ka yarda cewa ƙarar jita za ta kutsa cikin makirfon ganga, sannan ka zauna ka raba wa kowa wurinsa ba tare da ka kashe zafin ba. Coltun ya yi wannan aikin ne a wurare daban-daban yayin da ƙungiyar ke yawon wasa a 2019, amma mai saurare ba ya jin ɗinkin. Ya bar tafi da sautin waje a inda suka dace, kuma a waƙoƙin da aka yi da jitar katako kana jin kusancin muryoyin kamar kana zaune a tabarma ɗaya da su. Kaɗan ne daga cikin sharhin da na karanta suka tsaya a kan wannan, alhali shi ne ƙashin bayan faifan.

Saboda haka na fara ware wa masu kayan kiɗan hannu lokaci a sutudiyona. Kwanakin baya mun ɗauki wani mai gurmi da makaɗan kalangu biyu. Na sa makirfo ɗaya kusa da fatar kalangun, ɗaya kuma nesa kaɗan wajen ƙofa domin ya kama amon ɗakin, muka kashe fanka duk da zafi, muka ja janareto can bayan gida da doguwar waya don kada gurnaninsa ya shiga. Wahalar ita ce kuɗi: aikin da kwamfuta ke gamawa a wuni guda yana iya cin kwanaki, man janareto na ƙonewa, kuma idan mutum ɗaya ya kuskure sai kowa ya koma farko. Mawaƙa da yawa suna jin farashin sai su ce a buga musu fiyano kawai.

Wani abin da ke damuna shi ne rashin masu sharhi a wajenmu. Alƙalan waƙa a nan su ne masu turi a bakin kasuwa da masu sa kiɗa a wurin biki da TikTok, kuma hukuncinsu ba ya wuce ta karɓu ko ba ta karɓu ba. Ba mai zama ya rubuta cewa an danne muryar 'yan amshi, ko ganga ta yi kauri fiye da kima, ko baiti na uku ya fi na farko ma'ana. Duk da gajartar da nake gani a sharhin Turawa kan wannan faifai, sun saurare shi daga farko har ƙarshe, sun rubuta dalilansu, kuma rubutun ya taimaka wajen cika wa ƙungiyar zaurukan wasa. Faifan mai gurmin nan mun gama tace shi, yana hannunsa, kuma yanzu muna neman gidan rediyon da zai yarda ya sa waƙa mai minti tara ba tare da an yanke ta ba.