Asabar: Kifi Nawa Tankin Nan Zai Ɗauka?

Tun da asuba mai sayar da kifin ado na teku ɗin nan na Legas ya turo saƙo ta WhatsApp cewa kaya sun sauka, ranar Laraba zai sa wa 'yan Arewa nasu a jirgi, duk mai so ya aiko da jerin abin da yake buƙata kafin dare. Ya haɗo da bidiyo. Na ajiye bidiyon a gefe sai da na gama awon ruwan tankina na kifin teku tukuna.

Awo ya yi kyau, alhamdu lillahi. Gishiri 1.025 a ma'auni, zafi digiri 25, amoniya babu, naitirait babu, naitiret ɗan kaɗan. Wato ƙwayoyin bakteriyan da ke zaune cikin duwatsu da yashi sun kama aikinsu na juya kashin kifi daga guba mai kisa zuwa abin da ake iya ragewa da canjin ruwa. Yawanci sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, nawa kuma ya wuce haka, don dodon koɗi da 'yan murjani masu laushi (halittun teku masu rai da ke manne a jikin dutse) ne kaɗai a ciki duk tsawon hunturun nan. Ruwan ya sauka kamar yatsa biyu tsakanin jiya da yau, iskar hunturu ba ta raga wa komai. Na cike da tataccen ruwa marar gishiri, tunda ruwa ne ke tashi ya bar gishirin a nan. Ruwan burtsatsenmu ba ya shiga tankin sai ya bi ta na'urar tacewa, gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman da ake sayarwa a bokiti.

Ina cikin goge gilashi maƙwabcina Alhaji ya yi sallama, ya zo aron tsani. Yana kiwon tarwada a bayan gidansa cikin tankunan roba, kuma harkar ta karɓe shi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon duwatsun da fitilar shuɗiya ta haska.

"Injiniya, har yanzu ba ka zuba kifin ba? Nawa zai ci?"

Na ce, "Biyar nake tunani, Alhaji."

"Ɗari biyar?"

"Guda biyar."

Dariya ya yi har da riƙe ƙofa. Ya ce shi a ruwa kamar wannan ai sai ya yi renon 'ya'yan tarwada masu yawan gaske. Gaskiyarsa, amma tarwada daban ce. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa za ka gan ta a kasuwa cikin baho da ɗan ruwa ƙanƙani tana motsi har yamma. Kifin da ya fito daga tsaunin murjani bai san wannan wahalar ba. Inda ya taso igiyar ruwa ba ta tsayawa dare da rana, zafin ruwan bai cika sauyawa ba, kuma duk ƙazantar da ya fitar teku ta haɗiye ta. Ga shi ruwan gishiri tun asali ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi. A digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana ɗaukar miligiram takwas da ɗoriya, ta ruwan teku kuwa ba ta kai bakwai ba, in ya ƙara zafi ta ƙara raguwa. Alhaji ya ce to Allah ya ba da sa'a, shi dai abin da ba a soyawa bai ga dalilin ciyar da shi ba. Ya ɗauki tsaninsa.

Bayan karin kumallo na zauna da biro da takarda. Tankin tsawonsa santimita 120 ne, faɗi da tsayi 45 kowanne, lissafi ya ba da lita 243. Amma in aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 200 ba, kuma da wannan ake lissafi. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu kiwon kifin teku, wai inci ɗaya na jikin kifi ga kowane galan biyar na ruwa. In na bi ta, inci goma da 'yan kai zan samu, kifi uku ƙanana ke nan. Ƙa'idar ba ta gamsar da ni, domin ba ta bambanta siririn kifi mai kwana a rami da mai ƙiba da ke yawo yana ci yana kashi yini guda. A ɗaya ɓangaren kuma, masu irin wannan tanki a Turai da Amurka suna zuba bakwai ko takwas su zauna lafiya. Sai dai su ba sa lissafa abin da ni dole in lissafa, wato sa'o'in da famfo zai yi a tsaye.

Wannan shi ne ainihin ma'aunina. Muddin famfo na juya ruwa, na'urar kwashe kumfa na aiki, saman ruwan na motsi, iska na shiga. Da zarar an ɗauke wuta kuma batirin inbata ya gaza, kowane mai rai a ciki sai ya koma cin iskar da ta rage: kifi, murjani, dodon koɗi, har da bakteriyan nan da nake yabo ɗazu. Da rana da sauƙi, gansakukan da ke zaune cikin tsokar murjani suna samar da iska in akwai haske. Da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa iskar ta fi ƙaranci gab da asuba, daidai lokacin da batir ya fi gajiya kuma mai gida ya fi nisa a barci. Tanki mai kifi biyar zai jure abin da mai kifi tara ba zai jure ba. Sannan ga bazara na tafe. A Afirilu zafin Kano yana haura digiri 40, murjani kuwa tsakanin 24 da 27 yake so. In ruwa ya zarce abin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na tsawon makonni, sai murjanin ya kori gansakukan jikinsa ya yi fari fat, irin abin da ya faru da babban tsaunin murjani na Ostareliya a 2016. Na'urar sanyaya ruwa ita ce ta fi komai cin wuta a gidan nan in aka cire firji.

Ina wannan lissafi Auta ta ɗauki wayata ta buɗe bidiyon. Ai kuwa sai ihu.

"Abba, ga ta nan! Shuɗiyar nan ta katun! Don Allah ita za ka saya."

Irin kifin da ake kira tang ce, shuɗiya mai wutsiya ruwan ɗorawa, a bidiyon ba ta fi murfin kwalba girma ba. Na ɗauko rula na nuna mata santimita 30, na ce nan take kaiwa in ta girma. Na kara rular a jikin gilashi, sau huɗu ta auna tankin daga wannan gefe zuwa wancan. Kifi ne mai gudu, a teku yini yake yana yawo, masana harkar suna ba shi tanki mai tsawon kusan mita biyu da ruwa lita ɗari shida ko fiye. In aka matse shi sai ya dinga safa da marwa a jikin gilashi, ya yi faɗa da 'yar wuƙar da ke gindin wutsiyarsa, daga nan sai ciwon fararen ɗigo ya kama shi, don irinsu sun fi kowa saurin ɗaukarsa. Ta ce to in ta girma sai mu sayi babban tanki. Uwargida daga kicin ta ce, "A ajiye shi a ina, a kan gadona?" Aka rufe wannan babi. Rawayar tang ɗin ma ban tsaya tambayar kuɗinta ba. Tun da kotu a Hawai, inda aka fi kamo ta, ta dakatar da kamun kifin ado a 2021 farashinta ya yi sama, ga canjin dala.

Da azahar aka ɗauke wuta. Inbata ta karɓa, na kashe fitilar tankin na bar famfo kaɗai, na ɗan gwada famfon iska mai batir in tabbatar yana tashi.

Bayan la'asar na kira mutumin Legas. Yana da kirki, amma ɗan kasuwa ne. Ya fara da damsal, ƙananan shuɗɗan nan masu arha, wai ba sa mutuwa. Haka ne, ba sa mutuwa, su ne ke kashe wasu. Tanki kamar gidan haya yake: wanda ya riga shiga gani yake tsakar gida da rijiya duk nasa ne, kowa ya zo daga baya baƙo ne. In mai faɗa ya riga shiga, mai sanyin hali zai ƙare a bayan dutse ba ya fitowa ko cin abinci. Kuma fitar da damsal daga tanki mai duwatsu sai an rushe ginin gaba ɗaya. Na ce a'a.

Ya kawo kifin mandarin, wanda in ka gan shi sai ka rantse zane aka yi masa da hannu. Shi matsalarsa ciki ce. Ƙananan ƙwarin ruwa masu rai yake tsinta a jikin dutse daga safe har dare, akasarinsu ba sa karɓar abincin gwangwani, sabon tanki kuwa ba shi da isassun ƙwarin, sai ya rame a hankali a gaban idonka. Ya kawo ƙaramin enjal ja, na ce wannan caca ce, wani ya bar murjani lafiya, wani ya dinga tsattsagarsa har ya daina buɗewa. Kifin malam-buɗe-littafi kuwa da yawansu murjanin ne abincinsu. Da ya ambaci kifin zaki na san ya fara ƙure kayansa: duk abin da ya shiga bakinsa ya haɗiye, ƙayoyin bayansa da dafi, ni kuma ina da yara masu son tsoma hannu.

Abin da na tsayar shi ne wannan. Kifin kilawun guda biyu, irin ocellaris, haifaffun gidan kiwo, don sun saba da abincin hannu kuma sun fi juriya. Na roƙe shi ya zaɓo ɗaya babba ɗaya ƙarami. Dukkansu ba wanda ake haifa mace, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama macen, ƙaramin ya zauna namiji. In ka sayi manya biyu ta yiwu duk sun riga sun zama mata, kuma mace ba ta komawa namiji, sai dai faɗa har ɗaya ta halaka. Anemoni, halittar teku mai kama da fure da suke fakewa a cikinta, ba dole ba ne gare su, ba kuma zan sa shi a tankin da bai shekara ba. Sai gobi rawaya mai gadi tare da abokin zamansa jatan lande mai haƙa rami. Wannan haɗin ne ya fi ba ni sha'awa: jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa yana kwashe yashi, gobin na tsaye a bakin rami, shi kuma ya ɗora masa gashin bakinsa a jiki. Da gobi ya kaɗa wutsiya sai su faɗa ciki tare. Sai kifin wuta guda ɗaya, siriri, fari daga gaba ja daga baya, mai tsoro ƙwarai. Na ƙarshe royal girama daga tekun Karibiyan, rabinsa shunayya rabinsa rawaya, guda ɗaya tak, don ba ya shiri da ɗan'uwansa ko mai kama da shi.

Ba yawan kawai na duba ba, na duba inda kowa zai zauna. Gobi a ƙasa kan yashi, girama a kogon dutse, kifin wuta a tsakiyar ruwa kusa da mafakarsa, kilawun kuma su zaɓi kusurwa ɗaya su manne mata. Ba mai siffar wani, ba mai neman gurbin wani.

Mutumin Legas ya ce to ya ɗaure duka biyar ranar Laraba, kuɗin jirgi ɗaya. Na ce biyu kawai, gobi da kifin wuta, sai jatan landen. Bakteriya suna ƙaruwa ne gwargwadon kashin da suke samu, in ka zuba biyar rana ɗaya amoniya za ta riga su. Masu sanyin hali su fara shiga su san gari, kilawun su biyo baya, girama a ƙarshe. Kuma ba kai tsaye za su shiga ba, sai kifayen sun yi wata guda a ƙaramin tankin killacewa da ke ɗakin baƙi. Maganin fararen ɗigo da jan ƙarfe ake yinsa, jan ƙarfe kuwa yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, don haka ba a zuba shi a babban tanki, shi ma jatan landen a wani mazubi daban zai jira. In ciwon ya shiga babban tanki, sai an kwashe kifin duka a bar shi fiye da wata biyu babu kifi kafin ƙwayar ta mutu. Kilawun da girama sai damina ta sauka gari ya yi sanyi, in na ga yadda sola da na'urar sanyaya ruwa suka kai mu ƙarshen Mayu. Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta.

Auta ta yi fushi har magariba, sai da na nuna mata bidiyon gobi da jatan landensa ta sauko, yanzu kuma rigimar suna ake yi tsakaninta da yayanta. Na tura kuɗi bayan isha'i. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Sabon Gari neman raga mai ƙananan ido da mai haɗa firam ɗin alminiyam, domin gobi da kifin wuta duk masu tsalle ne in sun firgita, murfin gilashi kuma yana riƙe zafi. Sai in biya in sayo batir na ajiya na famfon iska.