Minti biyu a ƙasa ba shi ne ƙarfi ba

Jama'a wallahi abin nan ya tsaya min a rai. A wajen motsa jikin da muke zuwa a Samaru yanzu an mayar da filank ma'aunin ƙarfi, ka kife kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa a danna agogo, wai in ba ka kai minti biyu ba to kai rago ne. Wani ɗan dako daga kasuwar Sabon Gari ya zo gwadawa, jikinsa na rawa kamar mazari tun kafin minti ɗaya, yara suna ta dariya, alhali bawan Allahn nan buhun masara yake saɓawa a kafaɗa ya hau mota da shi tun safe har la'asar. Haba dai!

Filank juriyar tsokar ciki da baya yake aunawa, kuma mara nauyi ya fi jin daɗinsa tunda abin da zai riƙe kaɗan ne. Ban raina shi ba fa, yana gyara ƙugu sosai. Josef Šálek na ƙasar Czech ya yi sama da awa 9 yana filank a 2023, amma a sa shi kokawa da ɗan dakon nan mu gani. Ƙarfin ƙafa fa? Damƙar hannu fa? Malam koci, a riƙa gwada ɗaga nauyi ma don Allah.