Laraba a ajin ƙarshe: easily, readily da willingly

Birnin Kebbi, bayan sallar isha'i.

Darasin Turanci na yau a ajin ƙarshe na sakandare ya ƙare ne kacokan a kan bayanau, wato kalmomin da ke bayyana yadda aka yi aiki, masu nuna sauƙi ko yardar rai: easily, readily, willingly, gladly da freely. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, kuma a ɓangaren fahimtar labari akan ciro kalma a ce ɗalibi ya kawo wadda za ta zauna a gurbinta ba tare da ma'ana ta gurɓace ba. A nan kalmomin ke kayar da yaranmu, saboda ƙananan ƙamus ɗin da suke riƙewa kan jera su wuri guda kamar duk abu ɗaya ne.

Tambaya ɗaya na sa suka rubuta a saman shafi: sauƙin nan a jikin aikin yake, ko a zuciyar mai yin sa? In aikin ne bai ba da wahala ba, easily ake so, kamar a She passed the test easily. In mutum ne ya amince ba tare da an tilasta masa ba, willingly ce: He willingly carried the bag of rice. Buhun shinkafar na nan da nauyinsa, mai ɗauka ya yi gumi, amma da son ransa ya ɗauka. Shi ya sa abin da ba shi da rai ba ya karɓar willingly. Busasshiyar ciyawa a fadama kan kama wuta easily, ba ta da zuciyar da za ta yarda ko ta ƙi.

Readily ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanta, domin ƙafarta ɗaya na nan ɗaya na can. Ga mutum, tana nufin ya yi abu nan take, ba jan ƙafa ba gardama, shi ya sa take yawan tafiya da agree, admit da accept. He readily admitted his mistake, wato ana tambayarsa ya amsa laifinsa. Ga kaya kuwa, tana nufin ana samu ko yana faruwa ba da wahala ba: Onions are readily available in Aliero, ko Sugar dissolves readily in hot water. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ke nan in aka ba mu readily, wacce za mu sa?" Na ce ta dubi mai aikin. In mutum ne ya amsa ko ya amince, willingly za ta zauna. In kaya ne ko abu marar rai, easily. Wanda ya rubuta willingly available ya zubar da makinsa.

Gladly ta ɗara willingly zafi, akwai murna a cikinta, kuma ta fi zama da will ko would a wajen yin tayi: I would gladly help you. Freely kuma rashin takura ce, kamar a Speak freely. Kada a haɗa ta da free ta kyauta. Children travel free na nufin ba su biyan kuɗin mota.

Sai mazaunin kalma a jimla, inda aka fi yin ɓarna a insha'i. Bayanau irin waɗannan na da wuri biyu mai aminci. Ko dai ya zo gab kafin aikatau, wato kalmar aiki, bayan ƙananan kalmomin taimako irin su can, will da has, kamar a You can easily reach Jega before noon, ko kuma ya koma bayan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kamar a He won the race easily. Wurin da aka hana shi ne tsakanin aikatau da karɓau. He won easily the race kuskure ne, kuma na gan shi a littattafai da yawa yau.

Wani kuskuren daga Hausarmu yake tasowa. Muna cewa aikin na da sauƙi, muna kuma cewa ya yi shi da sauƙi, kalmar ba ta sauya ba. Turanci ya raba su: easy sifa ce mai bayyana suna, easily bayanau ne mai bayyana aikatau. Don haka He did it easy ba ta karɓuwa a jarrabawa. A kwatanci ma more easily ake rubutawa, ba easier ba, muddin aikatau ake bayyanawa. Wajen rubutu, y ta ƙarshe kan koma i kafin a ƙara ly: easy ta zama easily, ready ta zama readily, happy ta zama happily. Willing ba ta sauya komai, ly kawai ake liƙa mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a insha'in WAEC maki 10 ne aka ware wa daidaiton rubutu, kuma kowane kuskure na cin rabin maki.

Kalmomi biyu na ja musu kunne a kansu kafin a kaɗa ƙararrawa. Wilfully ba 'yar'uwar willingly ba ce, tana nufin da gangan, kuma galibi a kan mugun aiki, kamar a He wilfully damaged the desk. Hardly kuma ba ta nufin tuƙuru. He works hard yabo ne, amma He hardly works na nufin da ƙyar yake taɓuka wani aiki.

Lokaci bai kai mu ga kishiyoyin willingly da gladly ba, wato reluctantly da grudgingly. Na ba su jimla 10 masu gurbi su cike a gida, gobe da su za mu fara.