Tarkace a titin NASCAR da direbobin da ke jefo su da gangan

A tseren motoci na NASCAR a Amurka, babu abin da ke juya akalar tsere kamar rawayar tuta, wadda ake ɗagawa idan an yi karo ko an ga tarkace a titi. Direba zai shafe zagaye 50 yana tara tazara tsakaninsa da na bayansa, da zarar an ɗaga tutar sai wahalarsa ta tashi a banza. Motar jagora ta fito, kowa ya rage gudu zuwa mil 30 ko 70 a awa gwargwadon girman filin, motoci su taru wuri guda, a buɗe layin canza taya, daga baya a sake tashi a jere bibbiyu. Ga kuma garaɓasar da aka shigo da ita a 2003: mota ta farko cikin waɗanda aka yi wa rata da zagaye guda ana mayar mata da zagayenta kyauta. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yadda guntun soso ko kwalbar ruwa ke tayar da ƙura a wannan wasa ba.

Haɗarin tarkace na gaske ne, kuma ya bambanta da irin abin da ya faɗo. Mafi muni shi ne ƙarfe: ɓallin faifan burki da ya fashe saboda zafi, noti, guntun salansa. Motar da ke gudun mil 180 a awa tana cin kusan mita 80 a daƙiƙa ɗaya, direba ba shi da lokacin kaucewa. In taya ta taka ƙarfe mai kaifi, ba lallai ta fashe nan take ba. Sau da yawa iska takan riƙa sulalewa a hankali, sai an shiga kwana, nauyin mota ya hau tayar gaba ta dama, sannan ta saki, motar ta nufi bango kai tsaye. Akwai kuma dunƙulen ƙarfen tangistin da ake ɗaura wa mota don cika nauyin da doka ta tanada. A tseren mil 600 na Charlotte a 2020, irin wannan dunƙule ya faɗo daga motar Denny Hamlin tun ana zagayen ɗumi, aka dakatar da shugaban makanikansa da wasu mutum biyu na tsere huɗu. Hukuncin bai wuce kima ba, domin abu mai wannan nauyi in ya tashi sama zai iya ratsa gilashi ko ya faɗa cikin 'yan kallo.

Takarda da leda ba sa fasa taya, tasu illar a lagireto take. Ƙofar iskar da ke gaban mota ƙarama ce, da ma makanikai suna son ta ƙanƙance don motar ta fi yanka iska. Takardar abinci guda da iska ta kwaso daga wurin 'yan kallo ta isa ta toshe ta, zafin ruwa da na mai su fara hawa, cikin 'yan zagaye injin ya soma tofar da ruwa. Dabarar da direbobi ke yi ita ce su matsa dab da bayan wata mota, inda ƙarfin iskar da ke danne takardar ke raguwa, sai ta salluɓe da kanta. Amma dabarar tana da tsada. A Pocono a 2014, Brad Keselowski yana kan gaba ana dab da gamawa, ya rage gudu don ya share gabansa a bayan motar Danica Patrick, Dale Earnhardt Jr. ya wuce shi ya cinye tseren.

Shawarar ɗaga tuta tana hannun daraktan tsere da ke hasumiya. Jami'an da aka baza a kewayen fili, masu duba wa direbobi hanya daga rufin gini, da direbobin kansu ta rediyo, duk suna kai rahoto. Tambayoyin da ake yi biyu ne: ƙarfe ne ko abu mai laushi, kuma yana kan layin da motoci ke bi ko ya gangara gefe? Matsalar ita ce daga nesa, soso baƙi da guntun ƙarfe baƙi duk ɗaya suke, kuma a fili irin Bristol, inda zagaye ke ɗaukar kimanin daƙiƙa 15, babu lokacin dogon bincike. Darakta zai gwammace ya tsayar da tsere a kan abin da bai kai ba, da ya bar ƙarfe ya yi ɓarna. A wannan giɓin ne mai son maguɗi ke shiga.

Wanda ke neman tuta iri uku ne. Akwai wanda ake shirin yi wa rata da zagaye, ko an riga an yi masa yana jiran garaɓasa. Akwai wanda tayarsa ke sacewa ko mansa ba zai kai shi ƙarshe ba, domin shiga canza taya ana tsaka da gudu a ƙaramin fili yana cin zagaye biyu ko fiye, alhali a ƙarƙashin tuta asarar kaɗan ce. Sai kuma mai yi wa abokin ƙungiyarsa aiki. Kayan jifa kuwa suna kusa da hannu: safar hannu, kwalbar ruwa, ko soson da ake naɗe ƙarafan kariya na cikin mota da shi. Tagar direba raga ce kawai ta rufe ta, akwai inda hannu zai bi.

Misalin da aka fi tunawa shi ne na Robby Gordon a Atlanta a watan Oktoba na 2006. Hoton talabijin ya nuna guntun soso yana fitowa daga wajen motarsa, aka ɗaga tuta, ya amfana, Jeff Burton da ke neman kambun shekarar ya cutu. Gordon ya musanta cewa da gangan ya yi, amma bayan an duba motar da bidiyon an ci shi tarar dala 15,000 da maki 50. Ɗan'uwan jifa shi ne direba ya sa motarsa ta sulɓe ta juya da gangan don a ɗaga tuta. Earnhardt Jr. ya yi a Bristol a 2004, ya faɗa da bakinsa, aka cire masa maki 25 da tarar dala 10,000. Bubba Wallace ya yi a Texas a 2019, ya amsa bayan kwanaki, ya biya dala 50,000 da maki 50. Mafi girma shi ne na Richmond a 2013, inda juyin Clint Bowyer da abin da ya biyo baya suka jawo wa ƙungiyar da yake tuƙa wa mota, ta Michael Waltrip, tarar dala 300,000, aka kuma cire abokin ƙungiyarsa Martin Truex Jr., wanda juyin ya taimaka wa, daga cikin masu neman kambu.

Abin da ke damuna a jerin nan shi ne hukunci ya fi faɗa wa wanda ya furta ko wanda kamara ta kama. Mai wayon da ya ja bakinsa ya yi shiru yakan sha. Kuma kowace tutar ƙarya tana fito da ma'aikata a ƙafa su tsinci abu a titin da motoci ke wucewa, sannan ta haifar da sabon tashi, wanda shi ne lokacin da aka fi yin karo.

Su ma alƙalan ba su tsira daga zargi ba. Shekaru da dama 'yan kallo suna ƙorafin cewa ana ɗaga tuta a kan tarkacen da babu wanda ya gani, musamman idan wani ya yi nisa a gaba tsere ya fara gundura. A 2007 direba Tony Stewart ya fito fili ya kwatanta abin da kokawar da ake tsara sakamakonta. A 2017 aka kawo sauyi biyu. An raba tsere zango-zango, kowa ya san zagayen da za a tsaya. An kuma sa wa motar da ta yi karo agogon minti 5 na gyara a layin taya, aka hana liƙa mata sababbin ɓangarorin jiki, saboda irin waɗannan motoci masu faci da tef su ne ke zubar da tarkace. Tun daga nan tutar tarkace ta ragu ƙwarai.

Saura gyara biyu, a ganina. Duk lokacin da aka ɗaga tuta saboda tarkace, a nuna abin da aka tsinta a kamara, a faɗi inda aka same shi. Soson cikin mota da safar hannu da kwalba kuma a buga musu lambar mota tun wurin binciken kafin tsere. In aka tsinci abu mai lamba a titi kuma motar ba ta yi karo ba, a hana direban garaɓasa, a tsare shi zagaye biyu nan take, kada a jira tarar da za ta fito bayan kwana biyu ko uku.