Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Barela a Tsakar Gidanmu na Ɗa'ifa

A makon jiya na tsaya ne a inda muka kwashe kayanmu daga Makka muka hau Ɗa'ifa, bayan Malam ya samu aiki a wata gonar wardi da ke wajen Hada. Garin yana bisa tsaunuka, tsayinsa ya kai wajen mita 1,800 daga doron teku, shi ya sa ake noman inabi da rumman da ɓaure a kewayensa, kuma mutanen Makka da Jidda suke hawowa shan iska idan zafi ya tsananta. Wannan sanyin ne ya ba ni damar shuka abin da zan ba ku labarinsa yau.

Inna, mahaifiyar Malam, tare muke zaune tun rasuwar Baba. Ta daɗe tana fama da ƙwannafi, likita kuma ya hana ta attarugu da barkono, wannan duk mun saba da shi. Abin da ya fi damuna shi ne har koren tattasai, wanda ba shi da yaji ko kaɗan, idan ta ci sai ya yini yana taso mata. Na koma ɗora tukunya biyu, tata babu komai sai albasa da tumatir. Ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, amma kullum kwanonta da saura yake dawowa, ni kuwa na san macen da ta tashi a Kano da miya mai kayan haɗi ba za ta ji daɗin irin wannan abinci salam ba.

Wata rana Malam ya dawo daga gona da ƙunshin takarda a aljihu. A ciki akwai wasu 'ya'yan iri baƙaƙe, masu faɗi da kaushi, gefensu a tsattsage kamar ɓawon itacen da aka farfasa. Wani abokin aikinsa ɗan ƙasar Nefal ne ya ba shi, da ma shi abokin ya shuka abin a jikin wayar shinge kusa da ɗakin ma'aikata, yana soya shi da dankali. A ƙasarsu ana kiransa barela. Malam ya ci a wurinsa, ya ce da ni: “Idan an soya shi, da ƙyar za ki bambanta shi da koren tattasai. Ki gwada ko Allah zai sa Inna ta dace.” Daga baya babbar 'yarmu ta bincika a waya, ta gano cewa asalinsa daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Feru da Bolibiya, inda ake kiransa kaigwa ko acoca, kuma masana tsirrai suna rubuta sunansa Cyclanthera pedata. Ba shi da dangantaka da tattasai. Danginsa su ne kabewa da duma da gurji da garahuni, wato masu yaɗo.

Na jira har sanyin hunturu ya wuce, aka shiga lokacin tsinkar wardi a watan Maris da Afrilu, sannan na jiƙa irin ya kwana a ruwa, na binne shi a manyan bokitan fenti da Malam ya huda wa gindi. Ƙasar na haɗa ta da ruɓaɓɓen takin tumaki. Cikin mako guda da 'yan kwanaki ya tsiro, kuma tun yana ƙarami ya fara fitar da siraran zaruruwa masu neman abin kamawa. Mun ɗaura igiyoyi daga bokitan zuwa ƙarfen rumfar tsakar gida, domin idan aka bar shi a ƙasa 'ya'yan ruɓewa suke yi. Kafin tsakiyar bazara ya hau ya wuce mita huɗu, ya lulluɓe rumfar, har Inna ta mayar da tabarmarta ƙarƙashinsa. Yana son ruwa sosai, musamman da yake a bokiti yake, don haka safe da yamma nake ba shi, sau da yawa da ruwan wankin shinkafa, tunda ruwa a nan ba abin zubarwa ba ne.

Ganyen ne ya kusa jawo mana fitina. A rarrabe yake kashi biyar zuwa bakwai, kowane kashi siriri mai tsini da baki zartsa-zartsa, wanda duk ya hango shi daga nesa zai iya ɗauka tabar wiwi ce. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bazazzagiya da ta shekara talatin a ƙasar nan, ta shigo da hantsi ta ja ni gefe, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Ƙanwata, me kika shuka haka? Kin san ƙasar da muke ciki, kin kuma san hukuncin kayan maye a nan. Tun kafin wani ya leƙo, ki tumɓuke.”

Na ce: “Yaya, ku matso ku duba. Wancan abin tsaye yake girma, ba ya naɗe igiya. Wannan ɗan uwan garahuni ne.”

Tsoronta yana kan hanya, domin baƙo ba ya wasa da abin da zai sa a yi masa tambaya. A daren nan Malam ya je ya kira mai gidan da muke haya, wani dattijon Balarabe da ya san noma, ya nuna masa zaruruwan da ragowar irin. Ya murza ganye ya sunsuna, ya ce wannan dangin kokwamba ne, idan ya yi 'ya'ya a ɗiba masa. Sai a lokacin hankalin kowa ya kwanta.

Daga nan sai jira. Watannin Yuli da Agusta suka wuce, ganye kawai yake ƙarawa, ɗan furen da ya fito kuma ya kakkaɓe. Mutumin Nefal ya aiko Malam ya gaya mini in yi haƙuri, tsiron ba ya zuba 'ya'ya sosai sai rana ta fara gajarta, zafi ya sauka. Haka kuwa aka yi. A ƙarshen Satumba furanni suka ɓarke, ƙanana ƙwarai, launinsu tsakanin kore da rawaya, na maza a tattare cikin gungu, na mata ɗai-ɗai da ɗan ƙullutu a gindi, duk a jikin tsiro guda. Ƙudan zuma suka yi ta zarya, waɗanda Ɗa'ifa ba ta rasa su, kuma bayan makonni kaɗan sai ga 'ya'ya suna reto ta ko'ina, koraye masu haske, da baki mai tsini a ɗan lanƙwashe.

Girkinsa ya danganta da lokacin da aka tsinke shi. Idan yana ƙarami, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, cikinsa a cike yake, ana cinsa ɗanye, ɗanɗanonsa na kokwamba ne. Idan ya kai santimita 10 zuwa 15, cikinsa ya zama rami, irin ya yi baƙi ya yi tauri, to a nan ne yake zama madadin tattasai. Ina tsaga shi biyu, in kwashe irin da farar ɓargon da ke riƙe da shi, in yanka sirara, in zuba a mai bayan albasa ta yi laushi. Ba ya son daɗewa a wuta. Minti biyar ya isa, idan ya wuce haka sai ya saki jiki, ƙamshin ya gudu. A dafa-duka sai shinkafa ta kusa tsotse ruwa nake sa shi, a wainar ƙwai kuwa tare da tumatir. Manyan ina cusa musu niƙaƙƙen nama da shinkafa da tafarnuwa in jera a tukunya da ruwan tumatir, irin mahshin da Larabawa ke yi da wata 'yar ƙaramar kabewa da suke kira kusa, ashe mutanen Feru ma da nama suke cusa shi.

Ranar da na fara sa wa Inna a dafa-duka, na ajiye kwanon na ce: “Inna, ku ɗanɗana, babu tattasai a ciki.” Ta ci loma biyu ta dube ni ta ce: “'Yar nan, kin tabbata?” Ta cinye, kuma har dare ba ta nemi maganinta na ƙwannafi ba. Ba ina cewa magani ba ne, kada wata ta karanta ta ajiye abin da likita ya rubuta mata. Abin da na gani shi ne cikin Inna ya karɓe shi, na kuma daina ɗora tukunya biyu, sai dai in ajiye wa Malam da yara yajinsu a gefe.

Masu tambaya ko zai maye gurbin attarugu, amsa ita ce a'a. Ba shi da zafi, ba ya kuma ba miya jan launi, saboda haka miyar dage-dage ba wurinsa ba ce. Na taɓa markaɗa shi a cikin duggus, wato markaɗen tumatir mai yaji da ake ci da salig (shinkafar da ake dafawa da madara), ruwa kawai ya ƙara. Aikinsa shi ne na koren tattasai a abincin da ake soyawa ko turarawa, a nan kuwa ban ga abin da ya kai shi ba.

Ya ci gaba da ba mu 'ya'ya har sanyin Disamba ya ƙona ganyen. Na shanya irin a inuwa na ɗure a kwalba, na ba Yaya Bazazzagiya, na aika wa mai gida rabonsa. Wata 'yar uwata ta tafi da shi Makka, ya yi mata ganye amma bai riƙe fure ba saboda zafi. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda gonar da Malam ke aiki ta sauya hannu, da halin da muka shiga wajen sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.