Talatar da muka ɗaure famfo

Talata, da dare.

Sai yanzu na samu na zauna. Tun da asuba shugabar ɗalibai ta ɗakin kwana na ƙarshe ta buga min ƙofa, ta ce, "Anti, yara biyu sun kwana suna zaryar banɗaki." Kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji sun zama biyar, ɗaya ma ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, murya ta dusashe. Na mintsini fatar cikinta na saki, ta tsaya a tattare, da ƙyar ta koma. Duk abin da na ba ta sai ta dawo da shi. Wannan ta fi ƙarfin ɗakin shan magani na makaranta, ƙarin ruwa take buƙata, don haka nan take motar makaranta ta wuce da ita asibiti.

Sauran muka kwantar da su a wani aji da ba a amfani da shi, muka ware musu banɗaki da bokitansu. Abin da ke kashe mai amai da gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa aikin farko shi ne ruwan gishiri da sukari: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Da fakitin ya ƙare sai muka koma haɗawa da hannu, ƙaramin cokali 6 a shafe na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Kurɓi kaɗan-kaɗan ake ba su. Wadda ta yi amai a jira ta minti 10 a ci gaba. Aiki ne mai cin rai, don yaran ba sa so, sai da lallashi.

Ina yi ina rubutu. Kowace yarinya da layinta: suna, aji, ɗakin kwana, lokacin da ciwon ya fara, inda ta ɗebi ruwan sha. Wata malama ta ce min, "Yanzu lokacin rubutu ne?" Ai kuwa shi ne lokacin. Kafin rana ta take, shafin ya nuna abin da ido bai gani ba. Ajinsu daban-daban, abinci kuwa duk makarantar daga kicin ɗaya take ci, da daga can ne da ciwon ya watsu ko'ina. Abin da ya haɗa su ɗakin kwana ɗaya ne da famfo ɗaya. Haka likitan nan John Snow ya yi a Landan a 1854: ya bi gidajen da kwalara ta shiga ɗaya bayan ɗaya, ya ga sun kewaye famfo guda, ya sa aka cire hannun famfon.

Na kira mai gyaran famfo muka bi bututun. Bayan ginin, inda ya ratsa kusa da ramin masai, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ya tona ya ga mahaɗar bututun ta tsage. Ya ce duk lokacin da ruwa ya ɗauke, bututun kan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Muka ɗaure famfon da waya, muka rufe shi da buhu.

Zaman da ya fi min wuya shi ne na ofishin shugabar makaranta. Ta so a ɗan jira zuwa gobe kafin a sanar da hukumar lafiya, tana tsoron kada iyaye su firgita, sunan makaranta ya ɓaci. Na fahimce ta. Na ce, "Ranki ya daɗe, idan kwalara ce, cikin sa'o'i take kayar da mutum. In an kula da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai 1 cikin 100. Jiran shi ne haɗarin." Ta yi shiru, sannan ta ɗauki waya da kanta. Jami'an sun zo da yamma, suka ɗebi bayan gidan yaran da ruwan famfon don gwaji. Har sakamako ya fito ba za mu kira shi kwalara ba, amma duk matakanta muke ɗauka. Sun bar mana sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta da ma'auninsa: kashi 2 cikin 100 don amai da bayan gida, 0.2 don goge gadaje da ƙasa, 0.05 don wanke hannu. Na rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙaƙe, kada a rikita.

Labari ya riga ya kai gidaje. Wani dattijo ya zo ɗaukar 'yarsa, wadda lafiyarta ƙalau. Na ce, "Baba, ciwon nan kan ɗauki daga sa'a 12 har kwana 5 kafin ya bayyana, kuma da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba tare da alama ba. In tana da ita, ƙannenta za ta kai wa. A nan muna duba ta safe da yamma." Ya daɗe yana tunani, ya nemi ya gan ta, ya bar ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata ƙaramar yarinya ce da aka samu a kwance ƙarƙashin bargo. Tun jiya take gudawa, ta ɓoye, saboda kunya da tsoron kada jarrabawar gobe ta wuce ta. Duk kulorin da muka zuba ba zai yi amfani ba muddin yara na ɓoyewa. Na roƙi shugaba, ta tara ɗalibai ta faɗa da bakinta cewa an ɗage jarrabawar, kuma babu wadda za a yi wa faɗa ko dariya don ta ce cikinta na ciwo. Ba a jima da watsewa ba wasu uku suka zo da ƙafarsu. Da sauƙi nasu, suna shan ruwan da kansu.

Gobe za a sauya bututun, a wanke tankin, a zuba kulorin, a bar shi minti 30, kuma ba za a kwance famfon ba sai awo ya nuna miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita a bakinsa. Ƙarfe biyu zan karɓi abokiyar aikina a wurin yaran.